Yau Uwar Ba Za Ta Gaji Ba

A idon Kaka Hajo mu 'yan birni ne, ko da yake birnin namu bai wuce Dakoro ba. Da an rufe lakol, wato makaranta, an shiga babban hutu, Inna takan ɗaure mana 'yan kayanmu ta sa mu motar kasuwar Kornaka, ni da ƙanena Ila. A bakin hanya ake sauke mu, Kawu Mamman, yayan Inna, ya tare mu da amalanken jaki ya kai mu ƙauye. Can muke cinye damina, sai hatsi ya fara nuna mu dawo.

Kafin mu fara zuwa, ni dai na ɗauka waƙa a cikin radiyo take zaune. Babanmu yana da wata mai cin kasat, in pil, wato batir, ya yi sanyi sai muryar mawaƙin ta ja kamar mai gyangyaɗi. Ranar da na ba Kaka wannan labari ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane.

"Ashe ku waƙarku pil take ci? Tawa tuwo take ci. Ɗauko mini daro, Rabi."

Ta cika daron da ruwa, ta kife ƙwarya a kai, ta ɗauki kara biyu. Bugun farko da ta yi, a cikina na ji shi kafin kunnena. Ila, wanda bai ma isa shiga lakol ba, ya ruga ya ɓuya bayan turmi, sannan ya leƙo, sannan ya matso har ya ɗora tafinsa a kan ƙwaryar don ya ji tana rawa. Tun daga ranar, bayan an ci tuwo, muna taruwa ƙarƙashin rumfarta da 'ya'yan Kawu. Takan hura wuta ta jefa ɗanyen ganye saboda sauro, ta yi tatsuniya, in an zo wurin waƙa ta ja daro gabanta. Ita ke bayarwa, mu ke amsawa. Ila ya fi kowa ɗaga murya, ko da yake rabin kalmomin a bakinsa suke narkewa.

Daminar da nake son faɗi ba ta zo da kwanciyar hankali ba. Shanun wasu Fulani da suka sauka bayan tafki sun shiga gonar maƙwabcin Kawu. An kai magana gaban maigari, an faɗi kalmomi masu zafi, an watse ba a shirya ba. Matan rugar suka daina kawo nono. Maza kuwa in za su gona sai ka ga gatari a kafaɗa, alhali ba itace za su sara ba.

A cikin wannan hali Ila ya ɓata.

Da la'asar duk gidan muna gona ana maimai, wato noma na biyu. Mata suka riga tahowa don girki, suna zaton yana wurin maza. Maza suka taho daga baya, suna zaton ya bi mata. Sai da aka kira magariba aka zuba tuwo, Kaka ta duba ta ce, "Ina angon nawa?" Haka take kiransa. Sai a lokacin aka gane ba ya cikinmu.

Wanda bai san hatsin damina ba ba zai gane tsoron da ya kama mu ba. Ya fi namiji tsawo, ya rufe ƙauyen ta kowane gefe, babba ma in ya shiga da duhu sai ya rasa gabas. Akwai tsohuwar rijiya marar murfi a wata gona. Akwai macizai. Ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganye. Maza suka bazu da fitilun hannu suna kiran sunansa, iskar tana kwashe muryoyinsu tana watsarwa. Ba a daɗe ba wani ya ce ai ɗazu ya hangi wani Bafillace yana ratsa burtali, wato hanyar shanu, kusa da gonarmu. Kafin a ce me, maganar ta zagaye gari, kuma a kowane baki sai ta ƙara nauyi.

Kawu ya shigo gida, wandonsa duk ƙarangiya, ya ciro gatarinsa daga jikin rumbu. Kaka ta tare shi a ƙofa.

"Mamman, yaro aka ce ka nema."

"Shi nake nema, Iya. Na san inda zan tambaya."

"Da wannan ake tambaya?"

"Amanar ƙanwata ce. Mi zan ce mata gobe?" Ya saɓa gatarin a kafaɗa. "Za mu ƙara zagayawa. In aka yi isha'i ba mu gan shi ba, ruga za mu, kowa ya yarda."

Ya fita. Na fashe da kuka na ce ni ma zan bi su. Kaka ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ɗaya ya ishe ni nema. Ku zauna, dukanku."

Ta ƙara itace a wuta. Muka zauna a jere, wurin Ila a buɗe kusa da gwiwarta, babu wanda ya matsa ya cike shi. Ta gyara itacen, sannan ta buɗe tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, ba ƙafa ba takalmi."

Da ƙyar muka amsa, "Ta shigo, ga tabarma."

Da na ji tatsuniyar da ta ɗauko, gabana ya faɗi, don na san ƙarshenta. Labarin wata yarinya ce, Lantana, da ta tafi itace ta yi nisa har rana ta faɗi. Aljanin wata tsamiya ya tare ta. Bai cinye ta ba, bai ɗaure ta ba. Sunanta kawai ya zare daga bakinta, da sunan uwarta, da sunan garinsu, ya zuba a gora ya toshe. Ta yi ta yawo, duk wanda ya ce mata daga ina, sai ta buɗe baki ta rasa abin faɗi. Abu ɗaya aljanin ya manta bai ɗauka ba, waƙar da uwarta ke yi in tana daka, don ita waƙa ba a baki take kwana ba. Uwar kuwa ta fito da turmi bakin gari tana daka tana rerawa:

Ke ɗiyata, ina kika yini?
Ga hayaƙi, ga gida.
Tuwonki na bisa murhu,
Ga hayaƙi, ga gida.

Lantana ta jiyo daga nesa, ta fara bin sautin. A yadda muka saba ji, sai da ta kusa fitowa daga daji uwar ta gaji, ta jingine taɓarya ta shiga ɗaki. Yarinyar ta tsaya cikin duhu ba ta san inda za ta nufa ba, har ta rikiɗe ta zama kurciya. Shi ya sa kurciya ke kuka a bayan gari ba ta shigowa. Kaka takan rufe da jan kunne: wanda ya kai magariba a daji, shi ya jiyo.

Ina jin ta tana matsowa wurin nan, na toshe kunnena. Ta kai inda uwar ke cewa hannunta ya mutu. Sai ta dakatar da labarin a nan. Daga masallaci aka fara kiran isha'i.

"Yau uwar ba za ta gaji ba," in ji ta. "Rabi, daro. Ku kuma ku jawo turmin nan waje."

A ƙofar gida ta sa aka ajiye su, inda iska ke bi ta nufi gonaki. Ta kife ƙwarya ta fara bugu, ba irin na kullum ba, da dukan ƙarfinta. Zule matar Kawu ta fito da gudu, fuskarta jiƙe da hawaye.

"Haba Iya! Kiɗa a gidan da yaro ya ɓata? Mi mutane za su ce?"

"Su ce tsohuwa ta haukace. Muryar namiji ba ta ƙetare gona guda cikin iskar nan, turmi kuwa har wani gari ana jin shi. Ɗauki taɓarya, Zule."

Ta ɗauka. Maƙwabciyarmu ta fito da tata suka haɗa lugude a turmin da babu komai a ciki. Wasu matan suka zo don su tsawata, suka ƙare da tafi. Kaka tana bayarwa, mu yara muna amsawa har maƙogwaronmu ya fara zafi. Ban taɓa yin waƙa cikin tsoro irin na ranar ba. Ina amsawa ina kallon bakin masallaci, inda maza suka sallame suka fara taruwa. Fitilunsu suna haɗuwa wuri ɗaya. Na ga sanduna, na ga ƙarfe yana walƙiya. Wani dattijo ya aiko a ce mata su yi shiru. Kaka ba ta ko ɗaga kai ba. Kara ɗaya ya karye a hannunta, ta ci gaba da tafinta.

Mazan suka taso. Hanyar ruga ta gaban gidanmu ta bi, Kawu ne a gaba, bai dubi uwarsa ba. Sun kai bakin hatsi ke nan Kaka ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya! Ku saurara!"

Taɓare suka tsaya. Da farko iska kawai muka ji. Sannan, can cikin duhu, sarewa. Siririyar murya, tana yankewa tana dawowa, kuma abin da take busawa amshinmu ne, daidai yadda muke rera shi. A bayanta wata 'yar murya ta biyo, a dishe: "Ga ayaƙi, ga dida."

Hatsi ya buɗe, wani dogon saurayi Bafillace ya fito da Ila zaune a wuyansa, ya riƙe masa kitso da hannu biyu. Da ya ga gatura sai ya tsaya cak inda hasken fitilu ya ƙare. Ya sauke yaron a hankali, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya buɗe tafukansa.

"Ina ka same shi?" in ji Kawu. Gatarin yana hannunsa har yanzu.

"Bakin tafki, baaba. Yana kuka, ƙaya a ƙafa. Na ce ina garinku, ya ce gidan Kaka. Na ce wace Kaka, ya ce tasa." Ya nuna gabas, ya nuna yamma. "Gari ta nan, gari ta can. In na shiga wanda ba nasu ba da ɗan mutane a wuya, a wannan damina, wa zai tsaya ya ji bakina? Na zauna da shi cikin hatsi. Sai muka ji turmi, yaro ya kama waƙa. Na ce to, bari in busa, su san da lafiya muke tafe."

Ila ya ɗingiso ya wuce kowa, ya faɗa cinyar Kaka, ya ce, "Ya ba ni nono. Kuma kun fara ban zo ba."

Wata mata ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Kawu ya daɗe a tsaye. Daga baya ya miƙa wa na kusa da shi gatarin, ya je ya ɗauki sandar saurayin daga ƙasa ya ba shi da hannu biyu. Ruwa ya sauko kafin a gama gaisawa, Juli, haka sunansa, ya ci tuwo a zauren Kawu ya jira ya ɗauke. Rigimar gonar ba ta mutu a ranar ba, sai da aka sake zama gaban maigari. Amma ba a je ruga da gatari ba, kuma kafin mu koma Dakoro nono ya dawo gari.

Da safe na ga tafin Kaka ya kumbura, ba ta iya riƙe ludayi. Na tambaye ta ko Lantana ta isa gida. Ta ce, "Ke da kika yi amshi, ni za ki tambaya?"

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta yara ce, gargaɗi ga mai yawon magariba. Sai da na haifi nawa na gane da manya take. Yaro zai yi nisa, wannan ba makawa. Abin tambaya shi ne ko akwai abin da aka taɓa rerawa tare da shi, wanda zai gane daga nesa ko ya manta sunan garinsu, da kuma ko na gida za su jure su ci gaba. 'Ya'yana a Maradi suke tasowa, kowa da salula da abin toshe kunne, kowa yana jin tasa waƙar shi kaɗai. Ba na faɗa da su a kan haka. Amma duk babban hutu nakan kwashe su mu tafi ƙauye, ko da yake Kaka ta daɗe da rasuwa, in cika daro in ba su kara.

Bara suna ta bugu ba kai ba gindi, hayaniya ta cika gida, Zule ta fito za ta kore su saboda Kawu yana kwance ba lafiya. Daga kan tabarmarsa ya ɗaga hannu ya ce ta bar su. Ya kira ni kusa. Tun daren da Ila ya ɓata bai taɓa tayar da maganar ba.

"Rabi, kin san da Iya ta tsaya ko shan ruwa ne, da mun wuce." Ya karkata kunne wajen yaran. "Akwai mata da ɗiya a rugar nan. Ni ne a gaba."

Ya gyara kwanciya, ya juya fuskarsa wajen rumfa.

"Ce musu su ƙara ƙarfi. Kunnena ya yi nauyi."