Allunan Siminti a Tsakar Gidana

Ranar sadakar arba'in ta maigidana Malam, bayan baƙi sun watse da la'asar, mu biyar muka rage a tsakar gida. Akwai ni, a bakin ƙofar ɗakina. Akwai ƙanwata da ta zo daga Malikanchi tana taya ni zaman takaba. Akwai ƙanin Malam, wanda yara ke ce wa Baffa. Sai autata da ke aiki a makarantar koyon noma a Zariya. Na biyar shi ne ɗana na fari, wanda ke zaune a Kaduna.

Shi wannan ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka raine mu, ɗan fari akwai kunya tsakaninsa da uwa. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun daga yaye. Ko yanzu da furfura ta fito masa, in ya gaishe ni sai in amsa ina kallon gefe. In ina da magana sai in ba wani ya kai masa, ko da yana zaune a gabana. Duk Gubuchi an san bakina, ba na raga wa kowa, amma a gabansa bakin nan mutuwa yake yi.

Abin da ya hana ni sakewa tun rasuwar yana jingine da katanga, daidai inda idona ke sauka in na ɗaga labule. Allunan siminti ne. Ranar jana'iza ɗan nan ya zo da su a bayan mota, ya ce itacen rufin kabari ya yi wuya, wanda ake samu ma ɗanye ne siriri, damina ɗaya ya karye. Da su aka rufe ubansa. Da suka dawo daga maƙabarta sai na ga yara suna shigo da ragowar suna jerawa. Ba wanda ya ce mini komai, amma na san wanda ke biye da Malam a gidan nan.

Na daɗe ina wankan gawar mata a garin nan. Na san yadda ake tsarkake mace, a naɗe ta a likkafani, a ɗaure. Ilimina a bakin zaure yake tsayawa, inda maza ke ɗaukar makara. Ban taɓa leƙa cikin kabari ba. Abin da mu mata ke samu daga can labari ne kawai. Lokacin da uwarmu ta rasu ina yarinya, bayan damina mahaifinmu ya dawo wata safiya da laka a ƙafarsa, ya ce wa gwaggonmu, "Kabarin ya zauna, na ƙara masa ƙasa." Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ƙasa ta karɓe ta. Itacen ya ruɓe, ƙasar sama ta sauka a kan gawar. Tun ranar nan haka nake ganin ƙarshena. To siminti fa? Yaushe zai ruɓe? Wa zai shigo ya ce mini kabarin Malam ya zauna?

Autata ce ta tayar da zancen ba da niyya ba. Ta zaro wani abu daga jakarta, faɗinsa kamar faifai amma mai kusurwa huɗu, fari-fari da ratsin ruwan ƙasa. Ta miƙa wa Baffa ta ce ya faɗi ko mene ne.

Ya juya shi, ya shinshina. "Wannan ai warin juji yake yi bayan ruwa."

"Ka kusa, Baffa. Tuƙar rake ce, irin wadda masu mazarƙwaila ke tarawa a hanyar Makarfi. Mun zuba mata irin naman kaza, farar saiwarsa ta bi ta ɗinke ta, sannan muka busar. A ƙasashen Turawa har akwatin gawa ake yi da shi. In an binne, ba a daɗe ba ya zama ƙasa."

Baffa ya ajiye shi da sauri ya goge hannu a riga. "Mu ina ruwanmu da akwati?"

"Ba akwati nake nufi ba. In aka yi shi da kauri, zai iya tsayawa a madadin itacen rufi."

Yayanta ya yi dariya. "Auta, ke da za ki kawo mana maganin tsutsar masara, sai ki kawo mana lemar kwaɗi mu rufe iyayenmu?"

Ni kaina naman kaza ba abin da nake so ba ne. Na sha dukan hannun yara a kan taɓa shi a gindin rumbu. Amma na ce a miƙo mini. Ba nauyi. Na danna da babban yatsa bai lotsa ba. Na ajiye a ƙasa na ɗora ƙafa, na sakar masa nauyina, ya ɗauka.

Na juya wajen ƙanwata. "Ki tambayi wancan, waɗancan na jikin katanga na wane ne."

Yana zaune bai fi taku uku daga inda nake ba. Ƙanwata ta maimaita masa kamar bai ji ba. Shi ma ita ya kalla ya amsa.

"Inna ƙarama, ki ce mata ajiya ce kawai. Allah Ya ja da ranta. Amma in ranar ta zo ba na so a yi ta yawon neman itace kamar ba ta haifi kowa ba."

"Ki ce masa itace nake so. In babu, ko irin wannan na Auta. Abin da zai ruɓe."

"Ki ce mata bara da damina na ga kabarin da ya rufta, har likkafani ya fito. Karnuka na yawo a wurin. Ba za a yi wa uwata haka ba ina raye."

"Uwata" ya ce. Ban taɓa jin ya faɗi kalmar ba. Na san ba mugunta ba ce. Yaron da ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa sa masa loma a baki ba, yau ya samo abin da zai yi mini wanda ba na iya hana shi. Da autata ce, da na wanke ta tas, magana ta ƙare. Shi kuwa maganar na nan cike da bakina, ta kasa wuce haƙora.

Baffa ya ce, "Yaya, ki bar wa maza wannan. Ranar ai ba ki da ta cewa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ba na iya fita in je wurin liman, takaba ta tsare ni. Ba na iya zuwa maƙabarta. Ranar kuwa ina kwance a naɗe, yadda na naɗe wasu, za a wuce da ni ta zauren nan, allunan na biye a kafaɗar yara.

Aka kira magariba, maza suka fita. Autata ta zo ɗaukar abinta, na ce ta bar mini. Ta ce, "Inna, gwaji ne fa, ba mu gama ba." Na ce ni ma gwajin zan yi.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, na ta da ƙanwata. Muka kwantar da allo ɗaya a kan tsohon buhu, ita ta kama kunne ɗaya ni ɗaya, muka ja. Muna ja muna hutawa, tana cewa bayanta zai tsinke, ina cewa ta yi shiru kar ta ta da mutane. Ɗaya bayan ɗaya muka kai su makewayi, muka shimfiɗa a wurin da ruwan wanka ke taruwa ya yi caɓi. Na ƙarshen muka ɗora a bakin masai. Na ɗebo ruwa a bokiti na yi wanka a kansu. Babu Musulmin da zai ɗauki abin da ya kwana a makewayi ya rufe uwarsa da shi.

Na san akwai sauran siminti a Kaduna. Wannan bai ɓace mini ba.

Daga nan na ɗauki 'yar fartanya na je bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Na tona rami na sa abin Auta, na mayar da ƙasa, na kafa tsinke don in gane wurin. Ina cikin daddanna ƙasar da ƙafa na ji sallamar ɗan nan nawa, ya shigo gaisuwa kafin ya kama hanya. Ya tsaya yana kallon katangar da babu komai a jikinta, sannan ya bi sawun buhun da ido har ƙofar makewayi. Ya durƙusa ya ce, "Ina kwana." Na amsa ina kallon randa.