Wanda ke Ba Lambun Abida Ruwa

Ranar Juma'a, daidai ana saukowa daga masallaci, ƙasa ta haɗiye Abida har ƙugu. Ni Sadia mai koko da idona na gani, don katangarmu ɗaya, kuma akwai wata 'yar ɓaraka da nake leƙe ta ciki in na gama wanke tukunya. Tana tsaye da fartanya a bayan gidan mijinta tana yi wa awakina masifa, kawai sai na ga rabin mace. Zani ya tattare ya hau hammata. Ga maza jere a hanya da fararen riguna, kowa ya kau da fuska amma ya bar ido a wurin.

Na ce, "Maƙwabciya, albasa kika zo shukawa ko kanki? In kanki ne, bari in kawo taki."

Ta ce, "Sadia, miƙo hannu, kafin in fito in shuka ki."

Sai da na kira mata biyu, mu uku muka ciro ta. Takalminta ɗaya ya zame ya tafi. Muka yi shiru muna jiran jin faɗuwarsa. Shiru. Shiru. Sai can ƙasa, kamar daga wani gari, muka ji tsulum. Nan dariyata ta tsaya.

Bari in faɗa muku wace ce. Abida ba 'yar Salaga ba ce. A wajen Binduri aka haife ta, kusa da Bawku, inda yaro ke koyon ban ruwan albasa kafin ya iya ɗaura wando. Ta auri Zuberu direban motar shanu, suka yi shekara goma sha ɗaya a Yendi, ba haihuwa. Da ciwo ya kwantar da shi ya dawo da ita gidansu a nan Salaga, ya rasu a ɗakin da aka haife shi. Gidan kuwa na wansa ne, Alhaji Mahamudu, dillalin doya, jikan fataken goro. Bai kore ta ba. Bai kuma ce ta zauna ba. Kowane wata dai ya aiko mata da masara a kwano, wani watan kwanon ya manta hanya.

Ita ta ce ba za ta zauna tana gadin kwano ba. Ruwan ƙarshe na kaka yana ɗaukewa ta fito da iri ƙulle a tsumma, ayoyo wato lalo, alefu wato alayyafo, rama, kuɓewa da jar albasar garinsu. Ta ce lambu za ta yi. In ya yi, ta ci, ta kai kasuwa, ta zauna kusa da kabarin Zuberu. In bai yi ba, ta naɗe tabarma ta koma Bawku gidan ƙaninta, inda matarsa za ta riƙa ƙirga mata loma.

To ga inda aka samu matsala. A Bawku, wurin da ciyawa ta tsaya kore bayan sauran sun bushe, nan ne mai hankali ke kafa lambu. A Salaga kuwa, wurin da ciyawa ta tsaya kore, ko akuya ba a ɗaurewa. Garin nan ƙarƙashinsa duk rijiyoyi ne na mutanen da. Wasu an rufe su da gungume an zuba ƙasa, gungumen ya ruɓe, mai rufewar ma ya ruɓe. Kowane yaro ya sani. Ba wanda ya faɗa mata, ni ma ban faɗa ba, don ina so in ga 'yar Bawku ta koya mana noma. Allah ya yafe mini, amma na gani.

Mun ɗauka ta daddara. Washegari ta share bakin ramin, ta jera duwatsu, ta sayo guga. Ta ce, "Ku mutanen Salaga, Allah ya ba ku ruwa kun sa masa murfi kuna layi a famfo."

Ta kewaye wurin da dangar kara. Ta yi fangali irin nasu, masu zurfi kamar faranti don ruwa ya kwanta. Ta cakuɗa kashin awakina da toka, ba ta ko tambaye ni ba. Ta yafa iri, ta rufe da busasshiyar ciyawa. Safe ta ba da ruwa, la'asar ta ba da ruwa. Kwana shida ayoyo ya leƙo.

A mako na biyu ne ta kira ni ta ɓarakar. "Sadia, wasan ya isa. Wa ya ce ki shiga mini lambu?"

"Ni? Ni da ko tulun ɗakina sai an roƙe ni nake cikawa?"

Na zagaya na shiga. Rana tsaka ce, azahar ba ta yi ba. Fangali tara, duka a jiƙe sharaf. Guga yana rataye a inda ta bar shi, igiyarsa a bushe ƙamas. A tsakanin fangalin akwai sawu. Ƙafa ce ba takalmi, babba, yatsu a buɗe. Takun gajere ne ƙwarai, wannan dab da wannan, kamar mai ƙafar ba ya iya buɗe su. Tsakanin ƙafa da ƙafa kuma wani layi ya bi ƙasa, kamar ana jan wani abu. Daga bakin rijiya sawun ya fara. A bakin rijiya ya ƙare.

Na ce a kira malam. Ta ce malam ya san ban ruwa ne?

Kwana uku ana haka, ganyen alefu ya fara ƙonewa a baki-baki. Ina jin ta da kunnena, ta tsaya a kan rijiyar ta riƙe ƙugu kamar mai yi wa ɗan haya faɗa.

"Salamu alaikum. Ko kai wane ne, na gode, Allah ya biya. Amma ba a ba shuka ruwa da rana tsaka, dafa ta kake yi. Bari sai la'asar. Kuma albasar can ba ta son ruwa da yawa."

Na yi dariya har na ƙware. Washegari da rana ƙasa a bushe. Da aka kira la'asar ta shiga ɗaki salla, ni kuma na sa ido a ɓaraka, don dai in samu abin tsokana.

Ba kowa a lambun. Kaji ma sun fita. Tsuntsayen bishiyar mangwaro suka yi tsit gaba ɗaya. Sai na ga fangali na farko yana yin baƙi, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, yadda ƙasa ke yi in ana zuba mata ruwa. Ba ƙarar ruwa. Abin da nake ji kawai wani siririn sauti ne, kacau, kacau, kamar cokula biyu a aljihu. Na biyu ya yi baƙi. Na uku. Da aka zo kan albasa, ɗan kaɗan aka yayyafa. Daga nan sautin ya tsaya daidai saitin ɓarakata, wani sanyi mai warin laka ya taɓa mini ido.

Ran nan da siminti na toshe ɓarakar. Kwana biyu na sake fasa ta, don hali ba ya barin mutum.

Na kai wa Mma Ayishetu labari, tsohuwar unguwarmu da ba ta gani sosai. Ba ta ko daina ɓarar gyaɗa ba. Ta ce, "Rijiyar gidan goro? Ai ba masu gidan suka haƙa ba. Bayin da suka sayo ne suka haƙa. Kakata ta ce akwai wanda ya shiga da ƙarfe a ƙafa, aka rufe da yamma ba a ƙirga ba."

Ni kuma bakina ba shi da ƙofa. Kafin Asabar duk mai shan kokona ya ji. Kafin Litinin ana nuna Alhaji Mahamudu da leɓe a kasuwar doya. Abin mamaki, ayoyon Abida bai taɓa kwana ba. Mata suna saye suna bismilla, suna dawowa, don miyarsa tana yauƙi kamar an biya ta.

Alhaji ya zo da yammacin Laraba, ya tsaya daga wajen danga, bai shiga ba.

"Abida, kin tono mana abin da iyayenmu suka rufe. Gobe tifa za ta kawo ƙasa. A cike ramin, a daidaita wurin."

"Yaya Alhaji, in ba rijiya ba lambu."

"To ba lambu."

"In ba lambu ba ni."

Ya ce motar Tamale ba ta daina tashi ba, daga can kuma akwai ta Bawku. Ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati. Ran nan ban tsokane ta ba, na miƙa mata ƙosai ta kan katanga, ta ce mai ya yi yawa.

Da hantsi tifa ta iso da jar ƙasa. Unguwa ta taru, ni a gaba. Direba yana jira a ce juye, sai muka ji matar Alhaji ta ƙwala salati a tsakar gida. Muka ruga.

Sawun ya fito daga lambu. Bai taɓa ƙetare danga ba sai ran nan. Ya bi ta gaban madafa, ya wuce randa, gajere-gajere da layinsa a tsakiya, bisa siminti mai zafin da ruwa ba ya minti ɗaya a kai. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Alhaji. Ƙafa biyu a jere, yatsu suna duban ciki, ruwa kwance a cikinsu bai bushe ba. Babu sawun komawa.

Alhaji yana daga ciki riƙe da labule, takalmansa suna waje, dab da sawun. Ya kasa miƙo ƙafa ya sa su.

Jar ƙasar nan har yau tana jibge a bakin hanya, awakina ke hawa. Lambu ya shiga kakarsa ta uku, an ƙara tumatir da barkono. Kwanon masara kuwa yanzu ba ya ɓata hanya. Masu cewa tsoron sawu ne ya hana Alhaji, ba su tsaya kusa ba. Ni na tsaya. Ya daure ya ce wa direba ya je ya juye duk da haka. Abida ta fito da akwatinta a ka, takalminta wari ɗaya ja wari ɗaya shuɗi, ta dubi sawun, ta dubi wan mijinta, ta gyara ganwo.

"Juye mana, Yaya Alhaji. Ni ina da Bawku. Shi kuwa in ka rufe masa ɗaki, gidan kakanka kaɗai ya sani."