Ranar da Tsohon Dogari Ya Zo Neman Yafiya

Ina goyon ɗana na biyu mutumin ya zo gidanmu na Ƙofar Rini. Tsohon dogari ne, cikin waɗanda sunka bi sojan Nasara ranar da anka ƙone ƙauyenmu, wai mun yi tawaye. Ranar anka kashe babanmu bakin rumbu, anka tafi da yayata ɗaure da igiya. Ni da Inna cikin karan dawa munka tsira. Shi ɗin nan Inna ta hango riƙe da igiyar, kuma tun ranar ba ta da wani buri sai ta san inda anka kai ɗiyarta.

Ashe Makka zai tafi, shi ne yake bi gida gida neman yafiya, yadda masu niyya ke yi. Ya zo da limamin unguwa da ƙullin goro. Ya yi ƙiba, wuya har ninki, ya sha turare har zaure ya ɗauka. Ya tsuguna yana sharar hanci, wai zamani ne, wai umurni anka ba su. Ko sunan babanmu bai sani ba, sai da liman ya raɗa masa.

Inna na daga bayan asabari, ta bari ya gama tsaf. Sannan ta tambaye shi wa ya ba yarinyar.

Ya sosa ƙeya. Wai yaran da yawa ranar, wallahi ba zai iya rarrabewa ba. Liman ya kwatanta masa gidanmu na can ƙauye, mai tsamiya a ƙofa. Nan take fuskarsa ta washe, ƙazamin banza. Ya ce ai ya tuna, nan ne ya kwance wani jan jaki mai tsagaggen kunne, ya daɗe yana ɗauko masa hatsi daga Dundaye, jaki mai haƙuri. Har da murmushi. Tir, ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta ranar ba.

Liman ya shiga ba Inna baki, cewa baƙon Allah ne, kada ta tare masa hanya.

Inna ta ce, "Malam, na yahe mashi jakin."

Ba wanda ya tambaye ta saura. Sunka ce alhamdulillahi, sunka shafa fatiha, ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya nufi gida na gaba. Damina biyu bayan nan Inna ta rasu, ba ta san ko ɗiyarta na da rai ba.