Dalhatu Mai Fentin Bakin Gulbi

Kowa a Gummi ya san Dalhatu da rubutun allunan shaguna da zane a jikin manyan motoci. Kaɗan ne suka san ɗan ƙauyen Dareta ne, kuma a da niƙan dutsen zinariya yake yi. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara, shi da matarsa Atine suka binne ɗansu na fari, Ridwan. Ƙurar da yake kwasowa gida a jikin rigarsa ce ta ci yaron. Tun daga ranar bai ƙara taɓa injin niƙa ba. Suka tattara komatsansu suka koma Gummi, inda wani dattijo mai suna Labbo ya koya masa riƙon burushi.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya ɗaure guntun falanki da ragowar fentin mai a bayan keke, ya nufi bakin gulbi. Ya jingina falankin a gindin wata kanya, ya yi ta kallon ruwa kafin ya sa hannu. Yakan ce ruwa ba shuɗi ba ne kamar yadda ake zana shi a motoci. Da damina ja ne kamar kunun kanwa, da rani kuma yashi ya fi ruwan yawa. Yana zana kwale-kwale, da shanun Fulani suna ƙetarewa, da mata masu wanki daga nesa, ba fuska. Wani lokacin iska ta watsa masa yashi a ɗanyen fenti, ya bar shi haka nan. Masunta suna yi masa dariya, amma kowa na so ya ga jirginsa a ciki.

Allah ya ba su 'ya mace, Munira. Tana shekara huɗu, wata Asabar ta samu allon da ya jingina a zaure bai bushe ba, ta dangwala hannu, ta shafe baki da kumatu da rawaya. Atine ta wanke ta, aka yi dariya aka manta. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe yarinyar, har ta fara taune-taune, idanu suka kakkafe.

Atine ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Baban Munira, mi ag ga wanga fenti naka?"

Ya taɓa jin ana cewa wasu fentin akwai dalma a ciki, amma bai taɓa tambayar nasa ba. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa, suka shiga motar Anka, can asibitin da ake awon jinin yara tun shekarar gubar dalma. A hanya shi dai yana kallon bakin faratansa, inda kore ya maƙale, yana salati a zuci.

Aka ɗebi jini, aka sa mata ruwa. Suka zauna a benci har la'asar ta yi sanyi. Can wata ma'aikaciya mai suna Saudatu ta fito tana goge hannu.

"Ku ne iyayen Munira? Zazzaɓin cizon sauro ne, ya hau mata kai. Jininta ba wata dalmar da za ta tayar da hankali."

Dalhatu ya ce, "Ki ƙara faɗi, don Allah."

Ta maimaita. Sai a lokacin Atine ta fashe da kuka, ta zame daga benci ta yi sujada a kan siminti. Shi kuwa ya fita waje, ya kama bango, yana ta "Alhamdulillahi" kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka.

Saudatu ta gargaɗe shi cewa tsoronsa ba banza ba ne, kada fenti ya ƙara kwana inda yara suke. Da suka dawo, ya kwashe gwangwanayen duka zuwa shagon Labbo, ya sa kwaɗo. Yanzu can yake tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya doshi gida.

Ya yi niyyar barin zuwa gulbi gaba ɗaya. Atine ce ta hana.

"Tahi abinka," ta ce. "Ranar da ka je can, ka fi daɗin zama."

Munira ta warke sarai, har ta shiga makarantar allo. Wani direban Bukkuyum ya ga zanen ƙetaren shanu a shago, ya ce lallai sai an yi masa irinsa a bayan motarsa.