Na Kori Wanzamin Da Ya Gano Ciwon Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai da wautar mutane, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni ma zan zo da tawa ba. Ina roƙo a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faro ni 'yar Malali ce, 'yar babban ma'aikacin gwamnati, wadda tun tana firamare ake ce mata likita. Ban zama likitar asibiti ba, ilimin ƙwayoyin halitta na karanta har digiri na uku, amma a gidanmu Dakta Dakta ce. Kowa ya yi tari sai a kira ni, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce musu ko majiyyaci ɗaya ban taɓa dubawa ba. Ina jin daɗin sunan, gaskiyar magana ke nan. Ga ni da baki, in na faɗi magana ba na waiwayawa in ga inda ta sauka.

Aikina na farko a wani ƙaramin ɗakin bincike ne nan Kaduna, wanda wata Farfesa ta buɗe bayan ta dawo daga waje. Abin da muke nema shi ne yadda za a farkar da garkuwar jikin mutum ta gane ciwon daji ta yaƙe shi da kanta, domin ciwon ya iya ɓuya, sai sojojin jini su wuce shi ba su gan shi ba. Mu biyar ne a ƙarƙashinta, kowa da irin gidan da ya fito. Akwai ɗan malamin makaranta daga Zariya, da 'yar mai sayar da atamfa, da ɗan wani direba na tashar Kawo, sai ni, sai kuma ɗan wanzami daga Unguwar Shanu. Wannan na ƙarshe duk ya fi mu hannu. Ƙwayoyin da muke rainowa a ɗan faranti sai su mutu a hannunmu su rayu a nasa. Jijiyar da kowa ya nema ya rasa, shi taɓawa ɗaya yake yi ya same ta, shi ya sa shi ake turawa asibiti ya ɗebo jinin majiyyatan da suka amince a yi bincike da nasu. Ni kuwa na sa shi gaba da tsokana. Sarkin Aska nake ce masa, ina tambayarsa yaushe zai yi wa ɓerayen gwajinmu ƙaho. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da aikinsa.

Da mahaifinsa ya rasu, bayan an yi sadakar arba'in, sai ya zo ya shaida wa Farfesa zai ajiye aiki ya ɗauki zabirar gidansu, wato jakar kayan wanzanci. A lokacin ta riga ta samo masa gurbin ƙaro karatu a waje. Ta roƙe shi har idonta ya kawo ruwa, ya ba ta haƙuri. Ni kuma a gaban kowa na ce an yi asarar kujerar jami'a, da tun farko an bar wa mai bukata. Ya ninke farar rigarsa ya ajiye a kan tebur ya yi mana sallama.

Daga baya mu ma muka watse ɗaya bayan ɗaya. Ɗan malamin makaranta yana Turai yana ci gaba da irin binciken, 'yar mai atamfa ta shiga wani kamfanin magunguna a Legas, ɗan direba ya zama malamin jami'a, ni kuma na yi aure na koma aikin ofis a fannin lafiya. Akwai shekarar da Farfesa ta ce in haɗa mata jerin tsofaffin ɗalibanta da inda kowa yake. Na rubuta na kowa da muƙaminsa, da na zo kansa sai na ji kunyar kalmar wanzami a cikin wannan jeri, na rubuta cewa yana harkokin kansa.

To, Babanmu tun yana aiki ba ya shiga shagon aski. Akwai wani tsohon wanzami da yake zuwa gida duk safiyar Juma'a a kan keke, a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ya yi masa ƙwal kwabo ya gyara gemu, suna hirar mutanen da. Sun fi shekara ashirin a haka. Wata Juma'a na je gaishe su sai Mama ta ce tsohon yana son ganina. Na fito na same shi ya ajiye aska. Ya gaishe ni da ranki ya daɗe, ya ce yana so Dakta ta taɓa wuyan Alhaji ta ji, nan ƙasan kunnen hagu. Ya ce akwai wani ɗan ƙullutu da babu shi makonni uku da suka wuce, ga shi da tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa, kuma Alhaji ya ce ba ya masa zafi. Ya ce irin wannan an hana su taɓa shi da ƙarfe, asibiti ake kai shi. Na ɗan shafa sama-sama, na ji abu bai fi gyaɗa ba. Na yi dariya na ce kaluluwa ce, kowa yana yi. Baba ya dubi tsohon ya ce to ka ji, Dakta ta yi magana.

Juma'a ta zagayo ya sake faɗa, wata ta zagayo ya kuma. Har Mama ta fara tsorata tana kirana a waya. Nan fa raina ya ɓaci, na ga wanzami yana so ya koya mini ciwon da na yi shekaru ina kallonsa a madubin likita. Sai na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce wa Baba ai askar tsohon ce take jawo kaluluwar, wa ya san kawuna nawa ta bi kafin ta zo kansa. Na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta na ba shi, na sa ƙanena ya riƙa kai shi shagon aski na zamani. Baba ya ce mutumin nan fa abokinsa ne. Na ce lafiya ta fi abota. Ni da kaina na tari tsohon a bakin get na ce masa ya huta haka nan. Ya dube ni, ya ce ya ji, amma don Allah Dakta a kai Alhaji asibiti ko da ba shi zai ƙara aske shi ba. Ya juya kekensa ya tafi.

Wata biyar aka yi. Mai shago da injinsa yake aski, ba ruwansa da wuyan kowa. Baba kuma ya koma naɗa rawani don kada a dame shi da tambaya. Ya fara cewa kunnensa na hagu ya toshe kamar ruwa ya shiga, na ce mura ce. Ya fyace hanci ya ga ɗan jini, na ce zafi ne. Ina da amsar komai, kuma duk amsar da na bayar sai gida ya kwanta a kanta, tunda Dakta ce ta faɗa.

Ashe tsohon bai haƙura ba. A masallacin Juma'a yake bin sahun bayan Baba yana leƙen wuyansa. Da ya ga rawani ya daina ɓoye abin, sai ya je ya ɗauko wanda ya koya wa wanzamai gane irin wannan ƙullutu. Wata Asabar da hantsi ina gidan, na ji tsayuwar babur. Na leƙa na ga tsohon yana saukowa daga baya, mai tuƙin kuma ya cire hular kwano, da zabira rataye a kafaɗarsa. Abokin aikina na da ne, ɗan wanzamin nan na Unguwar Shanu. Ya yi ƙiba kaɗan, gemu ya fara furfura. Ya gaishe ni da Dakta kamar jiya muka rabu, ya durƙusa ya gai da Baba, ya nemi izini ya wanke hannu. Ya tsaya a bayan Baba ya bi wuyan da yatsunsa a hankali, gefe da gefe, har ƙashin wuya. Ya tambayi kunne, ya tambayi hanci, tun kafin kowa ya gaya masa. Sannan ya ja ni gefe ya ce shi ba likita ba ne kuma ba zai sa wa abin suna ba, amma ni da shi mun san abin da ake tsoro idan waɗannan alamu uku suka haɗu. Na zauna a kan dakali. Na san alamun, na taɓa rubuta su a jarrabawa na ci.

Ranar Litinin shi ya raka mu asibiti. Ya san ƙofar da ake fara shiga da takardar da ake nema, ma'aikatan jinya suna gaishe shi kamar ɗan gida. Aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce ciwon daji ne a can bayan hanci, ya riga ya sauko wuya. Likita ya tambaya yaushe aka fara lura da ƙullutun. Ni na amsa, na ce wata biyar da 'yan kwanaki. Ya rubuta. Aka yi wa Baba gashin ciwon da na'ura da ƙarin ruwan magani na tsawon watanni. Irin maganin da muka yi shekaru muna bincike a kansa ko kusa da gadonsa bai zo ba. Na ga mutumin da yake cika falo da murya ya koma ba ya iya haɗiye kunu.

Da Baba ya fara samun sauƙi sai na shirya na tafi Unguwar Shanu. Ban taɓa shiga lungunan ba, sai da na yi ta tambaya. Na same shi a zauren gidansu da wanzamai cike, wasu sun haife shi, kowa da zabirarsa a gefe. A tsakiya akwai wata fatar akuya da ya ɗinke abubuwa a ƙarƙashinta, dafaffen wake, da ƙwallon dabino, da tsakuwar da ya manne ta yadda ba ta motsi. Kowa sai ya rufe ido ya shafa ya faɗi wanne ne zai iya jira, wanne ne ba a kwana da shi. Wani dattijo ya yi kuskure, sauran suka sa masa dariya, ya ce a sake ba shi. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallo. A ofishinmu mun sha kiran wanzamai taro a otal, su ci abinci su yi mana godiya su koma su ci gaba da abin da suka saba. A nan kuwa ga su suna gardama a kan tsakuwa, saboda mai koyarwar ɗan gidan sana'a ne, askarsa tana jikinsa, kuma da safen nan ma ya yi wa wani jariri askin suna. Matarsa ma, na ji, tana yin irin wannan zama da ungozomomi a cikin gida saboda ƙullutun nono.

Bayan sun watse na tambaye shi abin da ban tambaya ba shekarun baya, wato me ya sa ya tafi. Ya ce lokacin da ake tura shi ɗebo jini, yawancin waɗanda yake samu ciwon ya riga ya ci ƙarfinsu, kuma a kan kumburin sai ya ga tabon sakiya, inda wanzami ya huda yana zaton ruwa zai fito. Ya ce kowane gidan wanzanci da irin hannunsa, shi kuma ya san hannaye. Wata rana ya ɗaga rigar wani mutum ya ga tsagar gidansu, hannun mahaifinsa. Mahaifinsa bai yi don mugunta ba, abin da ya gada ke nan. Tun ranar ya san mu muna jiran ciwon a ƙarshen hanya, alhali mutanen gidansu ne suke fara taɓa shi. Ya ce babu likitan da yake riƙe wuyan mutum ɗaya duk mako shekara ashirin, sai wanzami. Na ba shi haƙuri a kan tsohuwar maganata, ya yi dariya ya ce shi ya manta, amma akwai dattijon da ya fi shi cancantar wannan haƙurin. Washegari na je har gidan tsohon na durƙusa. Ya ce ba komai 'yata, tambayarsa ɗaya ita ce yaya jikin Alhaji.

Baba yana nan da rai, alhamdu lillahi, amma kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, bakinsa kuma ya bushe, ba ya iya karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani sai ya kurɓi ruwa. Likitoci ba su taɓa ce mini da an zo da wuri da ba haka ba, ni ma ban tambaya ba, domin na san abin da wata biyar take nufi a wannan ciwo. Abin da na koya shi ne na san ciwon daji a faranti, ban san shi a jikin mutum ba, kuma girman kai ya hana ni faɗin haka a lokacin da faɗin zai yi amfani. Ina kira ga 'yan'uwana masu karatu, musamman waɗanda gida ya ɗora musu sunan da ya fi aikinsu, idan aka tambaye ku abin da ba fanninku ba ku ce ba ku sani ba, ku kai mutum inda aka sani. Duk wanda kuma ya ji ƙullutu mai tauri da ba ya zafi, ya yi makonni bai tafi ba, kada ya bari a huda, kada kuma ya tsaya jiran wata Dakta ta gida. Baba bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Har gobe in baƙo ya zo yana nuna ni yana cewa ga Daktarsa, ni kuma sai in zagaya ta damansa in zauna, don ta nan kaɗai yake jin abin da nake faɗa.