Yayar Mikay

Liezel Dimaculangan 'yar wani ƙauye ce a Batangas, inda ubanta ya ƙare rayuwarsa yana jigilar mutane a babur mai gidan fasinja. Ta fara karatun ungozoma, ba ta kai ko'ina ba ciki ya ɓullo, mai cikin kuma ya samu aikin jirgin ruwa ya bi teku. Har yau jirgin bai samu tashar tsayawa ba. Ta haifi 'yarta Mikay, ta zauna gaban mahaifiyarta, Nanay Coring, suna soya ayaba a bakin titi.

'Yar gwaggonta Jhoanne ce ta buɗe mata hanyar Denmark, da aikin nan na au pair wanda yawancinmu 'yan ƙasarta da ke nan muka shigo da shi. A takarda ke ba 'yar aiki ba ce, 'yar gida ce da ta zo koyon al'ada, sai dai al'adar a ɗakin wanki aka fi koyar da ita. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya wa Liezel a wuya: ba a ɗaukar mai ɗa.

"To sai me?" in ji Jhoanne a waya. "Kanki aka fara haihuwa? Rabin 'yan cocinmu ƙannai gare su a gida, ƙannai masu kama da su sak. In kin kira, yarinya ta ce miki Ate, magana ta ƙare."

A yarenmu Ate ita ce yaya, Nanay kuma uwa. Bakin Mikay bai gama buɗewa ba a lokacin, sai aka mayar mata da abin wasa: ta ce Ate, a ba ta alewa. Ranar tafiya Liezel ta kama hannun Nanay ta ɗora a goshinta, neman albarkar da ɗa ke yi wurin iyaye. Mikay ma ta kama na Liezel ta ɗora a nata goshin, ta bar mata danƙon alewa a bayan hannu.

Gidan da ta sauka a bayan Aarhus yake. Signe likitar haƙori ce, mijinta Troels malamin makaranta, 'yarsu Vigga sa'ar Mikay. Tun ranar farko Signe ta kashe kalmar Madam.

"Sunana Signe. Kina ce min Madam sai in ji kamar haƙorana sun zube."

Liezel ta koyi yanka baƙin burodi, ta koyi tuƙa keke cikin ruwan sama da yarinya a baya, ta koyi soya busasshen kifinta a lambu don kada labule ya kwashi wari. Mutanen kirki ne, kuma kirkin nasu ne ya zame mata wahala. Da mugaye ne, da ba ruwansu da wanda take kira. Amma duk safiyar Lahadi, da ta kunna kiran bidiyo, sai Signe ta leƙo da kofin gahawa tana ɗaga hannu, Vigga ta haye cinyarta.

"Ƙanwarki ta girma!" in ji Signe. "Kai, hancinku ɗaya."

Mikay kuwa ba ta taɓa kuskure ba. Ate kaza, Ate kaza. Har Vigga ta ɗauka, ta yar da sunan Liezel, ta bi ta lungu-lungu tana Ate. Liezel tana alfahari da wayon 'yarta, ta sha faɗa mana haka a bayan coci muna cin taliya a tsaye. Abin da take jira kawai shi ne ranar da za ta ji Mama daga bakin yarinyar, ko sau ɗaya.

Damar ta zo a bazararta ta biyu, da masu gidan suka tafi gidan hutunsu na bakin teku suka bar ta da mage. Ta zagaya ɗakunan duk da ta san babu kowa, sannan ta kira.

"Mikay, yau ba baƙi. Ce Mama."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ate, kin ruɗe ne?"

"Wasa ya ƙare, 'yar nan. Wace ce ni?"

"Ate ta Denmark mana." Ta juya ta ƙwala kira. "Nanay! Zo ki ji Ate, wai ita ce Mama!"

Nanay Coring ta zo tana goge hannu a siket, ta tura yarinyar waje.

"Nanay, me kika gaya mata?"

"Ni? Me kuwa na gaya mata? Ke kika ce kada ta yi kuskure. Yaro ba ya riƙe suna biyu, Liezel. Da tana haɗawa, sai na daina tuna mata ɗayan. Ko so kike ta ɓaro miki aiki gaban Turawa?"

Liezel ta san gaskiya aka faɗa mata. Ta yi kuka a ɗakin girkin mutane, kuka sosai, sannan ta ba mage abinci.

Da wa'adinta ya kusa cika, Jhoanne ta samo mata wani gida a wata ƙasar, kamar yadda akan yi a tsallaka daga nan zuwa can har shekaru su hana. Liezel ta ce a'a. Jhoanne ta kira ta sakara. Signe ta yi mata liyafar sallama da kek da ƙananan tutoci, ta ba ta rigar sanyi ja, ta ce a kai wa ƙanwa. Vigga ta riƙe mata ƙafa a filin jirgi sai da Troels ya ɓamɓare ta.

A ƙauye an taru ana jiranta. Liezel ta sauka daga babur, ta nufi Nanay, ta kama hannunta ta ɗora a goshi. Sannan ta juya ga Mikay, wadda ta yi tsayi, ta sha kitso da jan ƙyalle, tana leƙen akwati. Liezel ta miƙa mata bayan hannu.

Yarinyar ta dubi hannun, ta dubi Nanay.

"Kama mana," in ji Nanay a hankali. "Ɗora a goshinki."

"Haba Nanay," in ji Mikay, da muryar mai gyara wa babba kuskure. "Ai ba a yi wa Ate."

Maƙwabta suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Liezel ta ɗan bar hannun a miƙe, sannan ta sauke shi ta zuge akwatin, ta ciro jar rigar.

Yanzu tana aiki a wani kantin magani a garin da ke kusa da su, kullum tana kwana gida. An gaya wa Mikay gaskiya tuntuni, ta kuma ce ta gane. In malamai sun tambaye ta sunan uwarta, Liezel take cewa. Amma in ta faɗi ta kurje gwiwa, Nanay take kira, in kuma tana son a taya ta aikin makaranta, sai ta leƙo ɗaki ta ce, "Ate."

Liezel tana amsawa.