Isidore Kinequon, Wanda Aka Bari A Bakin Ƙofa

Ranar Talata, sha bakwai ga Fabrairu, 1987, da hantsi, 'yarka Verna ta bugo mini waya ta ce, "Kawu Mykola, Baba ya cika." Na ajiye wayar na fita wajen shanu, na tsaya cikin ƙanƙara ban san abin da ya kai ni ba. Allah ne Ya ba mu kai, Isidore, Shi ne kuma Ya karɓi abinsa, ba ni da ja a nan. Rigimata da mutane ce.

Washegari Gordon Aldcroft, shugaban zauren 'yan mazan jiya na garinmu, ya aika wa iyalinka cewa za su zo jana'iza da tuta da mai busa begila, kowannensu ya cire jan furen ƙirjinsa ya ɗora a kan akwatinka, yadda ake yi wa kowane soja. Da labarin ya iso ni na rantse, muddin ina numfashi hannunsu ba zai taɓa akwatin nan ba.

Bari in tuna musu ko wane ne kai, tunda sun makara wajen sani. Tare muka sauka tsibirin Sicily na Italiya a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, ni ɗan manomi da iyayensa suka zo Alberta ta ƙasar Kanada daga Yukren, kai ɗan ƙabilar Cree mai ɗana tarko a daji. Tun a jirgin ruwa ka laƙaba mini Mai Tafarnuwa, sunan kuwa ya bi ni har gida. A garin Ortona, cikin Disambar wannan shekara, titi ba ya takuwa saboda maharban Jamus, sai muka koma fasa bangon gidaje da nakiya, muna bi ta ramin daga ɗaki zuwa ɗaki. Wanda ya fara zura kai a ramin shi ne yakan fara mutuwa. Kullum kai ke turo ni baya ka wuce.

"Kai, Isidore, yau layina ne," na ce maka wata rana.

"Ja can, Mai Tafarnuwa. In ka shiga gaba, da hanci kawai za su harbe ka."

Ranar da bene ya rufto a kaina, da hannu ka tone ni, farcenka biyu suka fice, ba ka taɓa ambata ba har ka mutu. A Holland, ƙarshen yaƙi, na ga ka juye abincinka na kwana uku a zanen wata tsohuwa da yunwa ta kumbura mata ƙafa, ka dawo kana ƙaryar cikinka ne ke ciwo.

To, mutumin nan ne ya zo ƙofar zauren garinmu ranar tunawa da sojoji, a Nuwamban 1946, da lambobin yabo huɗu a ƙirji. Mai tsaron ƙofa ya miƙa hannu ya tare shi, ya ce doka ta hana irinsu 'yan asalin ƙasa shiga inda ake shan giya. Doka! Ina dokar take ranar da ake neman mai shiga rami? A Italiya ba wanda ya tambayi ƙabilarka kafin ya ɓuya a bayanka. Daga baya dokar ta canza, amma ba wanda ya tako ya ce maka yi haƙuri, kai ma ba ka sake bi ta titin ba. Shekara arba'in suna can suna ba da labarin Ortona, har da waɗanda ko ƙurarta ba su shaƙa ba, ni kuwa abin na ci mini rai.

Ranar Juma'a suka iso ɗakin taron mutanenku, inda aka ajiye gawarka, su biyar, da hulunansu da mai ɗaukar hoto. Na tsaya a ƙofa na gitta sandata.

"Haba Mykola, girmama shi muka zo yi," in ji Gordon.

"Girmamawa? Yana raye kun ga ƙura a jikinsa, yau da ba ya iya tofa muku yawu kun zo da furanni. Ku koma inda kuka fito."

Sai ga matarka Adeline ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu. Ta dube su, ta dube ni.

"Sauke sandar nan, Mykola. Mu nan ba ma barin mutum a waje ranar makoki, ko wane ne. Ku shigo, akwai miyar naman daji da gurasa. Mai hoton dai ya bar kayansa a mota."

"Adeline, waɗannan fa su ne suka tare shi!"

"Na sani. Kai fa? A keken doki ɗaya kuka je ranar. Ka ce masa minti biyar, kofi ɗaya za ka sha. Awa uku ya yi yana jiranka wajen dawakai, ya dawo mini kunnuwansa sun daskare. Kai ma shekara arba'in ina ba ka abinci a gidan nan. Wuce ka zauna."

Gaskiya ta faɗa, Isidore. Na shiga ranar, na sha, har na yi waƙa. Ka mayar da ni gida ba ka ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirunka na mayar da shi yafiya, don ya fi mini sauƙi. Har yanzu ina fushi da su, ba zan ɓoye ba, amma fushin da ya fi ƙona ni ba nasu ba ne. Sun ɗora furanninsu ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe a layin, inda ya dace da ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya karɓe ka hannu biyu. Adeline, Verna, da jikoki, da dukan mutanen Cree da suka ba ƙasar nan 'ya'yansu, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ni kuma ku roƙa mini gafara, domin wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.

Mykola Hrynchuk